Idan ganye ya yi rawaya a garka: yadda ake bambanta yunwar shuka da ɓarnar ƙwari da cuta

Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin noman rani, garaken da ke cikin fadamar Dallol Mawri a ƙaramar hukumar Gecheme, gundumar Tibiri ta jihar Doso, su ne ke riƙe da gidaje da yawa. Tumatir, albasa, shu, salati, tattasai, zogala, rogo da dankali suna fita daga nan zuwa kasuwannin yankin, wasu har Dogon Dutsi da birnin Doso. A cikin gari ma mata da yawa sun koma shuka zogala, yakuwa da tumatir a tsakar gida, cikin bokiti ko tsohon buhu, don rage kuɗin cefane.

Damuwar da ke haɗa mai garka da mai bokiti ɗaya ce: ana cikin murna shuka ta kama, sai a wayi gari ganye ya fara rawaya, ko bakinsa ya ƙone, ko ya nannaɗe. Abin da akasari ake yi a nan bai wuce biyu ba, ko a ƙara zuba taki, ko a sayo maganin feshi. Sau da yawa duka biyun kuskure ne. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ba ta bukatar taki, wadda ke jin yunwa kuma maganin ƙwari ba zai ƙosar da ita ba. A ƙarshe kuɗi sun tafi, amfani ya lalace, guba kuma ta sauka a kan ganyen da za a kai kasuwa a ci. Alhali kuwa ganyen da kansa yana nuna abin da ke damun shuka, idan aka san inda za a duba.

Ƙasa biyu, matsala biyu

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ya san cewa gonakinta iri biyu ne. Akwai jigawa, rairayi mai saurin tsotse ruwa, inda ake gero da wake. Akwai kuma fadama, cikin kwarin dallol, inda ruwan ƙasa yake kusa, har a wasu wurare rijiya ba ta wuce gaba kaɗan a tarar da shi. Kowace da irin larurarta.

Rairayi ba ya riƙe abinci. Duk lokacin da aka yi ban ruwa mai yawa, wani ɓangare na takin da aka zuba, musamman sinadarin azot, yana bin ruwa ya nutse inda saiwa ba ta kai wa. Bincike na shekaru da dama da cibiyar INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore suka yi ya kuma nuna cewa ƙasashen rairayi na Sahel suna da ƙarancin sinadarin fosfor ƙwarai. A fadama kuwa, inda ruwa ke kwanciya, zafin rana yana ƙafar da shi ya bar gishiri ko kanwa a saman ƙasa. A irin wannan wuri abinci na iya kasancewa a ƙasa amma shuka ta kasa ɗauka. Saboda haka rawaya ɗaya a ganye tana iya samun sanadi daban a jigawa, daban a fadama.

Tambaya ta farko: ina ɓarnar ta kama?

Kafin a taɓa ganye ko ɗaya, ya kamata mai garka ya tsaya daga gefe ya dubi garkar baki ɗaya. Idan duk fangalin ya canza launi iri ɗaya, kowace shuka da alama ɗaya a wuri ɗaya, to galibi matsalar ta ƙasa ce, ko ta ruwa, ko ta taki. Yunwa ba ta zaɓar shuka ɗaya ta bar maƙwabciyarta. Idan kuwa ɓarnar ta fara daga kusurwa guda, ko daga shuka biyu ko uku, tana faɗaɗa kowace rana, to akwai mai rai a cikin lamarin, ƙwaro ko ƙwayar cuta. Idan kuma abin ya bayyana dare ɗaya, sai a tuna abin da aka yi jiya ko shekaranjiya: an zuba taki, an yi feshi da tsakar rana, ko injin ban ruwa ya lalace shuka ta kwana biyu ba ruwa?

Shi ma ganyen guda yana da abin faɗi. Alamar yunwa takan zo daidai a ɓangarori biyu na ganye, dama da hagu na jijiyar tsakiya. Tabon cuta da cizon ƙwaro ba su da wannan tsari, suna faɗawa ko'ina.

Tsohon ganye ko sabon toho?

Masana kimiyyar tsirrai sun lissafa sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku tana samun su daga iska da ruwa, sauran 14 daga ƙasa. Wasu daga cikinsu suna iya tafiya a jikin shuka: idan suka yi ƙaranci, sai ta kwashe su daga tsofaffin ganyen ƙasa ta kai wa sabbin na sama. Wasu kuwa inda suka zauna nan suke tsayawa. Wannan ne ya sa wurin da alama ta fara fitowa yake da muhimmanci fiye da launinta.

Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka fara lalacewa, ana zargin ɗaya daga cikin huɗu. Ƙarancin azot yana sa ganye ya kode gaba ɗaya, har da jijiyoyinsa, daga kore zuwa rawaya, shuka ta tsumbure, kara ya yi siriri. Shi ne ya fi yawa a rairayi, kuma shi kaɗai ne takin ure ke magancewa. Ƙarancin fosfor bai cika kawo rawaya ba: ganye yakan yi kore mai duhu, bayansa da jijiyoyinsa su yi shunayya, shuka ta ƙi girma, saiwa ta yi ƙaranci. Sai dai a lura, sanyin Disamba da Janairu kaɗai yana iya sa ƴaƴan tumatir da ke reno su yi wannan launi, su kuma warware da zarar gari ya yi ɗumi. Ƙarancin potas yana farawa daga bakin ganye, ya yi rawaya, sannan ya bushe kamar an gifta masa wuta, tsakiyar ganyen kuma tana nan kore. Ƙarancin magneziyom kuwa yana sa tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya, jijiyoyin su zauna kore.

Idan sabon toho na sama ne ya lalace, tsofaffin ganye suna lafiya, labarin ya canza. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana sa sabon ganye ya fito rawaya, wani lokaci kusan fari, da siraran jijiyoyi kore kamar raga. An fi ganin haka a ƙasa mai kanwa da wuraren da ruwa ke kwanciya, kuma lemu yana cikin itatuwan da suka fi saurin nuna shi. Ƙarancin farar wuta yana kama da na azot, amma a sabbin ganye yake farawa. Ƙarancin kalsiyom yana murɗe kan toho, kuma shi ne ke kawo baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir ko tattasai. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tabo a matsayin cuta suna feshi, alhali galibi ban ruwa ne ba bisa tsari ba: yau a cika, gobe da jibi a bari ƙasa ta bushe. Kalsiyom tare da ruwa yake hawa jikin shuka, in ruwa ya yanke shi ma ya yanke.

Akwai kuma rawayar da ba ciwo ba ce. Ganye biyu ko uku na can ƙasa da inuwa ta rufe su za su tsufa su faɗi. Albasar Galmi da ta kai girbi dole ganyenta ya kwanta ya bushe.

Abinci na nan, shuka ta kasa ci

Tun cikin ƙarni na 19 masanan Jamus biyu, Carl Sprengel da Justus von Liebig, suka bayyana cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci, ko da sauran sun wadata. Ma'ana, in fosfor ne ya gaza, buhu goma na ure ba za su cike gurbinsa ba. Amma a garka akwai wani abin da ya fi wannan yawa: sinadarin yana cikin ƙasa, saiwar ce ta kasa aiki.

Sanadi na farko shi ne yawan ruwa. Saiwa tana numfashi. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ta ƙare, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi yaushi tamkar mai ƙishirwa. Mai garka da ya ga haka yakan ƙara ruwa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Gwajin ba wuya: a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a dakata da ban ruwa. A tuge shuka ɗaya a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu, wani lokaci da wari.

Na biyu shi ne gishiri da kanwa. Alamarsu farin ɓawo a saman fangali da bakin hanyar ruwa, iri ya ƙi tsira sosai, bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe. Akasarin kayan garka sun fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wanda ake kira pH, yake tsakanin 6 da 7. Kanwa tana ɗaga wannan ma'auni sama, daga nan ƙarfe da fosfor su ɗaure a ƙasa. A irin wannan wuri toka, wadda a jigawa take ba da potas da kalsiyom, ƙara ɓata al'amari take yi, domin ita ma tana ɗaga ma'aunin. Abin da ke taimakawa shi ne ruɓaɓɓen takin gargajiya mai yawa, ɗaga fangali, buɗe hanyar da ruwa zai fita, da rufe ƙasa da ciyawa ko kara don rage ƙafewar ruwa.

Na uku wasu ƙananan tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nematod. Sun fi son rairayi, kuma tumatir, kuɓewa, yalo da karas na cikin abin da suka fi kamawa. Shuka takan tsumbure, ta kode, ta yi yaushi da rana, ta farfaɗo da yamma. Idan aka tuge ta za a ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Kada a rikita su da ƙullutun saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke da amfani: na wake suna manne ne a gefen saiwa, ana iya ɓalle su, cikinsu kuma ja-ja ne, na nematod kuwa kumburin saiwar ce da kanta. Taki ba ya maganin wannan. Sai an canza shuka a wurin, a sa gero, dawa ko albasa, a kuma daina ɗauko dashe daga reno mai cutar.

Garin neman ƙiba

Yawan taki ma yana da alamarsa. Takin ure kashi 46 cikin 100 azot ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Takin NPK 15-15-15 yana da azot, fosfor da potas daidai wa daida, shi kuwa DAP yana da kashi 18 na azot da 46 na fosfor, ba potas. Duk gishiri ne a wurin saiwa. Idan aka zuba su jikin kara, ko a busasshiyar ƙasa, ko suka maƙale a ganye mai raɓa, suna ƙonawa. Bakin ganye da tsininsa su bushe cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan zubawa.

Ko bai ƙona ba, yawan azot yana sa tumatir ya yi duhun ganye ba ƴaƴa, ganyen ya yi laushi ya jawo darɓa. Albasar da aka cika wa ure a ƙarshen zamanta takan yi kaurin wuya, ta ƙi ajiyuwa a rumbu. Ure da aka watsa a saman ƙasa aka bari a rana kuma wani ɓangarensa iska yake bi, musamman a ƙasa mai kanwa. A binne shi nesa kaɗan da gindi, a bi da ruwa. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki da bai ruɓe ba shi ma yana ƙona dashe.

Darasin da binciken Sadore ya bayar a gonar gero yana aiki a nan: taki kaɗan a inda saiwa za ta same shi ya fi mai yawa da aka watsar. Dabarar da aka yaɗa a Nijar ita ce giram 6 na NPK, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP a kowane rami.

A juya ganye a duba bayansa

Akasarin ƙwarin garka a bayan ganye suke zama, shi ya sa mai duba sama kawai ba ya ganin su. Mafi rikitarwa shi ne jan gizo-gizo, wanda ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yana tsotsar tumatir, yalo da dankalin turawa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, sannan ya kode ya bushe, har a ga saƙa kamar yana a kan toho. Daga nesa kamar yunwar taki. Yana ƙaruwa ne da zafi da ƙura, wato daga ƙarshen Fabrairu zuwa bazara. A shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin ganye a kaɗa shi, in an ga jajayen ɗigo suna motsi to shi ne. Yawancin magungunan ƙwari na kasuwa ba sa kashe shi, sai dai su kashe ƙwarin da ke cin sa, ya ƙara yawa.

Farin ƙuda ƙarami ne, yana tashi kamar gari idan aka girgiza shuka. Darɓa takan taru a kan toho, ta nannaɗe ganye, ta bar danƙo da ke jawo tururuwa da baƙin ƙura-ƙura. A albasa kuwa, farin zane mai sheƙi a jikin ganye aikin wasu siraran ƙwari ne da ke ɓuya a wuya, tsakanin ganye da ganye.

Tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta daga Kudancin Amurka ta fito. Ta shiga Ispaniya a 2006, an gan ta kusa da Yamai a 2013, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna a Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta cinye cikin, ta bar faffaɗan tabo mai haske da baƙin kashi a ciki. In aka ɗaga ganyen aka kalli rana ta cikinsa ana iya ganin tsutsar. Siririn farin layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji kuwa na wata tsutsar ƙuda ce daban, wadda ɓarnarta ba ta kai ta Tuta ba. Zogala ita ma tana da tata tsutsar, Noorda blitealis, wadda ke haɗe ganye da zare ta cinye shi, ta bar jijiyoyi kawai.

Cutar da ba ta da magani, da wadda ke da shi

Idan tumatir ya tsumbure, sabbin ganye suka yi ƙanana, suka nannaɗe sama kamar cokali da rawaya a baki, fure yana zubewa, wannan cutar birus ce da farin ƙuda ke ɗaukowa daga shuka zuwa shuka. Haka rogo mai ganye dabbare-dabbare, kore da rawaya, a murɗe: birus ne da ke bin farin ƙuda da kuma karan da aka yanko daga gonar da ta kamu. Ba taki ko feshin da ke warkar da shukar da birus ya kama. A tuge ta da wuri a fitar daga garka, a rufe reno da gidan sauro, a zaɓi karan rogo daga shuka mai lafiya. Masu shan taba su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa tumatir da tattasai, domin akwai birus ɗin taba da hannu ke ɗauka.

Idan shuka ta yi yaushi gaba ɗaya cikin kwana biyu ganyenta yana kore, a yanki kara kusa da gindi a tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada a motsa. In bayan ƴan mintuna aka ga farin zare kamar madara yana sauka, cutar bakteriya ce ta cikin ƙasa, wadda ke kama tumatir, dankalin turawa, tattasai da yalo. Ruwan da ya ratsa wannan fangali yana kai ta gaba.

Cututtukan naman gwari su ne feshi ke iya tsayarwa in an fara da wuri. Ana gane su da tabo mai zobe cikin zobe a tsofaffin ganye, ko farin gari a saman ganyen kuɓewa da kabewa. Jiƙa ganye da yamma da cunkoson shuka suna ƙarfafa su.

Akwai kuma ɓarnar da mutum ke yi da hannunsa. Famfon feshin da aka yi maganin ciyawa da shi, in ba a wanke sosai ba, yana murɗe ganyen tumatir ya yi siriri kamar birus ya kama shi. Ya fi kyau a ware wa maganin ciyawa nasa famfon.

Shukar tsakar gida

Shukar bokiti tana da nata matsaloli uku. Na farko rashin huda a gindin bokiti, ruwa ya taru saiwa ta ruɓe. Na biyu ƙarancin rana: tumatir da tattasai suna son aƙalla awa 6 na hasken rana, in aka ajiye su a inuwar katanga sai su yi tsawo, siriri, kodaɗɗe, suna karkata wajen haske. Na uku ruwan wanki da na wanke-wanke, wanda sabulu da gishirinsa ke taruwa a ƴar ƙasar da ke cikin bokiti. In farin ɓawo ya fito a baki, a zuba ruwa mai kyau da yawa har ya riƙa fita ta ƙasa. Ƙasar bokiti kuma tana ƙarewa da abinci cikin ƴan watanni, don haka a riƙa ƙara ruɓaɓɓen taki kaɗan-kaɗan.

Gwaji kafin kashe kuɗi

Wanda ya zargi yunwar taki ba sai ya zuba wa garka duka ba. Ya zaɓi layi ɗaya ya gwada, ya bar na kusa da shi, ya jira kwana 7 zuwa 10. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Sakamakon kuma a sabon toho ake duba shi, domin ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore.

In ƙwari ne, ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, su ne matakin farko: rabin kilo na dakakkun ƴaƴa cikin lita 10 na ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa sabulu kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita duk mako. In dole sai maganin kanti, a nemi wanda kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel, CSP, mai mazauni a Bamako, ya amince da shi, da lambar izini a jikin kwalba. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wannan ya fi shafar salati, shu da zogala, waɗanda ganyensu ake ci, wani lokaci ɗanye. Maganin nan da ake kira piya-piya, wanda ake sayarwa a kwalabe marasa takarda, sinadarin diklorbos ne, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da shi a gona, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019.

Mai garkar da abin ya shige masa duhu yana iya kai samfur gidan gona na ƙaramar hukuma, ko ya tuntuɓi majalisar manoma ta jihar Doso. Ƙungiyar RECA ma tana da cibiyar ba manoma shawara ta waya, inda ake amsawa da Hausa, ana kuma karɓar hotuna ta WhatsApp. Ganye ɗaya busasshe a aljihu ba ya isa. A kai shuka guda da saiwarta da ƙasar jikinta, tare da wata lafiyayya don kwatantawa. In hoto ne, a ɗauki uku: fangalin baki ɗaya, gaban ganye, da bayansa. A kuma faɗi ranar da aka dasa, irin takin da aka zuba, da maganin da aka fesa na ƙarshe.